Gogen Aro a Bakin Hita

A shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe Washington sau biyu cikin mako guda abin ya faru, wato dubu biyu da goma, watan Fabrairu. Ba na mantawa, domin a makon ne jirgin ƙasa na Metro ya daina zuwa Largo, unguwarmu, ofisoshin gunduma da nake sharewa suka rufe, har ajinmu na yaƙi da jahilci aka ɗage. Maiɗakina tana Springfield, gidan wata tsohuwa da take jinya, hanya ta yanke ta can. Gida ya rage daga ni sai 'yata, sai gogen aro.

Sunan mahaifiyata yarinyar ta ci, don haka ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata. A lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a a College Park, tana karatun bayolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Kafin a ba ta takardar gamawa sai ta hau dandamali ta yi kiɗa na kusan awa ɗaya a gaban malamanta da jama'a. An riga an sa rana, saura mako uku. Ta zo gida da niyyar kwana biyu, ƙanƙara ta riƙe ta kwana tara.

Mahaifina ɗan goge ne a Zangon Kumasi. Lokacin da sa'o'ina ke zuwa makaranta, ni ina bayansa riƙe da jakar goge, daga gidan suna zuwa gidan biki. Na iya kiɗan, ba laifi. Amma na ajiye shi tun ina saurayi, ranar da na je neman aure wani gida aka tambaye ni ko ni ma roƙo zan gada. Da na zo Amurka ban faɗa wa kowa ba sai iyalina. Sai ga yarinyar nan tana shekara tara ta dawo daga makaranta rungume da ɗan ƙaramin bayolin, wai shi ta zaɓa a cikin kayan kiɗan da aka jera musu. Uwarta ta yi dariya har da hawaye, ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ba ta taɓa jin inda jika ta ɗauko gudun ba.

Gogen da ta zo da shi a wannan makon ba nata ba ne. Nata na zamani, mai tsirkiyar ƙarfe, ta bar shi a ɗakinta na makaranta. Wannan na malamarta ne, aronsa aka ba ta, domin yawancin kiɗan da za ta yi na mutanen da ne, na shekara ɗari uku da suka wuce, kuma so take ta yi shi yadda masu shi suka yi. Tsirkiyarsa ta hanjin tumaki ce. Ba shi da matashin haɓa, ba shi da abin tokare kafaɗa, haka ake ɗora shi tsirara a kan ƙashin wuya. Bakansa gajere ne, ya ɗan gantsaro waje, ya fi kama da bakan gogenmu. Muryarsa ma ƙasa take da ta na zamani, akwai ɗan kaushi a cikinta, kamar muryar dattijo da safe. Wata goma sha ɗaya ta yi tana koyon riƙe shi, tana yaye hannunta daga karkarwar yatsan nan da aka koya mata tun tana ƙarama, domin mutanen da ba su cika yin ta ba.

Ranar farko da na ji shi sai da na ajiye cokali. Shekara goma sha uku ina jin bayolin a gidana, ban taɓa jin ya yi mini magana ba sai ranar.

Amma ita ba daɗi take ji ba. Tsirkiyar hanji ba ta zama wuri ɗaya. Ta ɗaure, ta yi layi biyu, ta tsaya ta sake ɗaurewa. Ta yi tsaki, ta murɗa kunnen gogen, ta ja baka, ta sake tsaki. Gidanmu ƙarami ne, bango ɗaya muke da maƙwabta ta kowane gefe, waje kuma ƙanƙara har gwiwa. Babu inda zan je in bar mata wuri, babu inda za ta je ta bar mini.

Akwai wani kiɗa guda mai tafiyar hawainiya, na wani ɗan Italiya, shi ne ya fi ba ta wuya, shi ne kuma ta fi so. Wani saurayi ɗan ajinsu zai raka ta a kansa da wani akwatin kiɗa na da, mai kama da fiyano amma ƙarami. Ta nuna mini takardar. Ni da nake fama da baƙaƙen Turanci, balle waɗannan ɗige-ɗigen, amma na ga shafin kusan fari ne, ɗigo nan, ɗigo can. Ta ce ai ƙashin kawai mai kiɗan ya rubuta, naman sai mai kaɗawa ya sa da kansa. Kowa da adonsa. Malamarta kuma ta ce adon nata kamar hadda yake, ana jin an zauna an tsara shi, alhali so ake ya fito kamar yanzu ya zo mata.

Na ce, "To ai wannan goge ne."

Da Hausa nake mata magana, ta amsa da Turanci. Hausa ba ta fitowa daga bakinta sai in ta yi fushi ko tana son wani abu. Ta ce, "Baba, ba goge ba ne."

"Kakanki bai taɓa kaɗa taken mutum iri ɗaya sau biyu ba."

"Kakana ba shi da malamai uku zaune da biro suna jiransa."

"Yana da mahauta. Su ba biro suke riƙewa ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya mini baya ta ci gaba. Na koma kicin na ɗora shinkafa da wake. Ina jin ta ta cikin bango tana zuwa wuri ɗaya tana tuntuɓe, sau ashirin, sau talatin. Na san abin da ke damun wurin kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Amma wanda bai iya karanta takardar ba, ta ina zai fara?

Da yamma uwarta ta bugo waya. Na kai mata ƙara. Ta ce, "Malam, kai dai dafa mata abinci ka bar mata kiɗanta. Goge ka ce ka tuba, to ka tsaya a kan tubarka."

"Ina jin inda take kuskure."

"Ni ma ina jin inda tsohuwar nan take kuskure kullum, amma ban taɓa gyara mata gida ba."

Ƙanƙara ta biyu ta sauko ranar Talata, ta wuni Laraba tana zuba da iska. A ranar Larabar ne ina wanke kwanuka, ban ma san ina yi ba, ashe kiɗan nata nake bi da hanci, ina sa masa abin da mahaifina zai sa. Sai na ji bayolin ya yi shiru. Ta leƙo kicin, baka a hannu.

Da Hausa ta ce, "Sake yi."

Na sake. Ta ce ba haka na yi da farko ba. Na ce ai ba zai taɓa zama haka ba, shi ne maganar. Na goge hannu na ce mata, "Uwata, ke faɗawa ɗaki kike yi ba sallama. In za ki je kan babbar murya, tsaya a bakin ƙofa tukuna. Taɓa ta ƙasa da ita, ki ɗan jira, kamar kina jiran a ce ki shigo. In kin shiga kuma kada ki zauna nan da nan."

Ta dube ni kamar za ta yi musu, sai ta ɗora gogen a wuya. Ta gwada, bai yi ba. Ta sake. A karo na biyar ko na shida ya fito. Ita ma ta ji, domin ta tsaya da baka a sama. Muka yi awa biyu a kicin ɗin, ni ina yi da hanci, ita tana ɗauka tana juyawa yadda ya dace da kiɗan Turawan. Wani ta karɓa, wani ta ce ya yi Zango da yawa. Ranar ta ci abinci har ta ƙara.

Daga nan kuskurena ya fara. Na kwana ina ganin tunda kunnena ya yi daidai a kan ado, to duk abin da na sani game da goge daidai ne a kan wannan ma.

A wurinmu, babban abokin gabar goge shi ne danshi. Fatar guza ce a kan ƙwarya, in damina ta yi sai ta saki, murya ta toshe, tsirkiya ta ƙi zama. Maganinsa kuwa sananne ne. Kafin mahaifina ya fara wasa sai ya ce in samo garwashi. Ya riƙe gogen a gefen wutar yana juyawa, yana shafa fatar da tafin hannu, yana ɗan ƙwanƙwasa ta da farce, har sai ta amsa da ƙarfi. Sannan ya shafa ƙaro a baka ya miƙe. Na yi masa wannan aiki ya fi sau dubu.

Ranar Juma'a rana ta fito. Maƙwabta suka fito da shebur don a tono motoci. Na yi nawa da safe har bayana ya riƙe, sai yarinyar ta karɓi shebur ɗin ta ce in shiga in huta. Kafin ta fita ta yi kusan rabin awa tana faɗa da tsirkiya, har ta ce wannan gogen zai kashe ta kafin ranar. Ta bar akwatin a kan tebur, ba ta kulle ba.

Na daɗe a tsaye a kansa. Tun tana ƙarama ban taɓa taɓa mata bayolin ba. Na buɗe. A cikin murfin akwai wani ɗan kati da rubutun hannu, irin mai haɗe-haɗen nan, mu kuwa a aji ba mu kai nan ba, baƙaƙen bugu muke yi. Na ɗauka sunan mai shi ne da adireshi. Na ɗaga gogen, ba nauyi, kamar busasshiyar ƙwarya. Sai na ga wani abu kore ya leƙo daga ɗaya daga cikin ramukan nan biyu na fuskarsa. Na ja a hankali. Wata 'yar roba ce doguwa kamar tsutsa, da soso a cikinta, jiƙe da ruwa.

Na ce a raina, to ga ciwon. Yarinya tana ta wahala, ashe ruwa ne kwance a cikin gogen. Na tuna ina ganinta kowace safiya a bakin famfo tana wani abu ta ba ni baya, ban tambaya ba. Na ɗauka wani abin goge ƙura ne ta manta a ciki.

Garwashi babu, amma muna da ƙaramar hita ta lantarki mai ɗumama ɗaki da muke kunnawa a falo. Na kunna ta, na zauna a gabanta da gogen a hannu, ina juyawa, ina shafawa, ina ƙwanƙwasawa da farce. Fata takan amsa cikin ɗan lokaci. Katako bai amsa ba. Na matsa kusa. Na ce danshin ya shiga jiki sosai, sai an ba shi lokaci. Azahar ta yi, ba hanyar zuwa masallaci, sai na jingina shi da ƙafar kujera yana fuskantar hitar, tazarar kamu biyu, na yi alwala na tayar da salla.

Ina raka'a ta biyu na ji tsirkiya ta tsinke. Wannan ƙarar na san ta, ban damu sosai ba, tsirkiya ana sakewa. Ina zaman tahiya na ji wata ƙarar, ƙarama, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Wannan ban san ta ba.

Da na sallame na ɗauko shi, katakon da zafi kamar burodi. Siririyar tsirkiyar ta tsinke, ta kusa da ita ta tarwatse tana shirin bi. Daga ƙasan ramin hagu kuma wata tsaga ta gangara, siririya kamar gashi, tsawon yatsana na tsakiya da ɗan ƙari. Na kashe hitar. Na sa babban yatsa na danna gefen tsagar ko za ta haɗe. Ta motsa.

Ban mayar da shi akwati ba. Na ajiye shi a kan tebur, na ajiye robar a gefensa, na zauna ina jira. Ta taga ina ganinta tana jifan 'yar maƙwabta da ƙanƙara.

Ta shigo tana huci tana dariya, tana cire safar hannu da haƙori. Ta ga tebur. Ta zo ta tsaya. Ba ta taɓa gogen ba, robar ta ɗauka.

"Baba, me ka yi?"

Na faɗa mata duka, har garwashin mahaifina. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Wannan robar ita ke hana shi tsagewa. Ni nake jiƙa ta kullum. Hitar gidan nan ta busar da iska, shi ya sa tsirkiyar take ƙin zama. Ruwa yake nema, Baba. Ruwa." Ta juya murfin akwatin ta nuna katin. "Ga shi nan an rubuta."

"Karanta mini."

Ta karanta. Layi biyu ne. Kada a kai shi kusa da hita. A jiƙa robar kowace safiya.

Sai ta ce, "Me ya sa ba ka tambaye ni ba? Ina nan waje. Taga kawai za ka buɗe."

 A gidanmu ba a tambayar yaro yadda ake gasa goge. Ni ma akwai tambaya a bakina: kwana takwas muna gida ɗaya, me ya sa ba ta taɓa ce mini ga abin da take yi a bakin famfo ba? Amma wanda ya fasa tulu ba shi ke tambayar me ya sa aka ajiye shi a hanya ba. Na haɗiye. Ta kwantar da gogen a akwati, ta kulle, ta hau sama. Ban ji kuka ba. Shiru na ji, kuma a makon nan kaf ban taɓa jin gidan shiru da rana ba.

Da hanya ta buɗe na ce ni zan kai shi da kaina. Ta ce ba sai na je ba. Na ce abin aro in ya lalace a hannunka, kai ke mayarwa, ba a aike. Na sa babbar riga a ƙarƙashin kwat, muka tafi College Park.

Malamar dattijuwa ce, Baturiya, siririya. Ta buɗe akwatin a kan teburinta, ta sa tabarau, ta bi tsagar da farce tun daga sama har ƙasa. Ta ce shekara talatin yana hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. Na ba ta haƙuri da ɗan Turancina, inda na maƙale yarinyar ta cika mini, idonta a ƙasa. Sai malamar ta tambaye ni me ya sa na yi. Da na yi bayanin fatar guza da garwashi, ta cire tabarau, ta shiga tambaya: tsirkiya nawa, da gashin me ake yi, a kafaɗa ake riƙewa ko a cinya, wa ke koya wa wa. Da gaske take son sani. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ina tsaye ina ba da labarin mahaifina ga matar da na fasa wa kaya, 'yata tana fassarawa da muryar da ba ta da gishiri.

Mai gyara ya ce sai ya buɗe fuskar gogen ya ɗinke ta ciki, mako shida in an yi sauri. Saura mako biyu a hau dandamali. Makarantar tana da irinsa guda ɗaya, yana hannun wani ɗalibi da nasa wasan ke cikin makon. Malamar tana da wanda take wasa da shi ita kanta. Ba ta ce za ta bayar ba, mu ma ba mu da bakin tambaya.

Yarinyar ta koma kan nata na zamani. Biyu daga cikin tsofaffin kiɗan ta mayar da su kansa, da tsohon bakan, ta ce za su wuce ko da ba yadda ta so ba. Amma mai tafiyar hawainiyar nan ta gwada kwana uku ta ajiye. Uwarta ce ta faɗa mini, domin ni ba ta kira na. Wai a kan tsirkiyar ƙarfe adon ihu yake yi, sallamar ta zama bugun ƙofa. Ta cire shi, ta sa wani da ta yi a shekarar baya.

Akwai takardar jerin kiɗan da ta manna a jikin firij tun farkon zuwanta, layi huɗu. Da takardar nake gwajin karatu a makon ƙanƙarar, kullum da safe, har na iya layukan duka. Ranar wasan, da la'asar, aka miƙo mana sabuwa a bakin ƙofar zauren. Na zauna na bi ta da yatsa. Layi na ɗaya na san shi, na biyu na san shi, na huɗu ma. Na uku baƙo ne. Maiɗakina ta miƙo hannu za ta karanta mini, na ce ta bari, na gani.

A gefen dandamalin, can jikin bango, an tura akwatin kiɗan nan na da, an rufe shi da mayafi. Saurayin da zai kaɗa shi yana zaune a layin gabanmu, hannunsa a aljihu.

Ta yi kiɗa mai kyau. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, malamai uku suka yi rubutunsu, aka tafa, ta ci. A waje mutane suna ba ta furanni, uwarta tana ɗaukar hoto. Da ta iso kaina ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Baba," kamar yadda za ta gaida kowane dattijo daga masallaci.

Gogen ya dawo daga gyara a watan Afrilu. An ce sai ka kai shi gaban haske kafin ka ga wurin. Malamar ta ajiye abinta, ba ta sake ba da aronsa ga kowa ba. Yarinyar yanzu yara take koya wa bayolin, na zamani, muna kuma hira kamar da. Sau ɗaya a mota na fara bin kiɗan nan da hanci, ta ce, "Baba, bari," na bari. Rubutun haɗe-haɗe kuwa mun kai kansa a aji a watan Mayu.

Abin da ya tafi ga shi: tsirkiya biyu ta hanji. Tsaga ɗaya, tsawon yatsa da ɗan ƙari, a katakon da ya shekara talatin a hannun mai shi ba ko ƙwarzane. Wata goma sha ɗaya na koyon riƙo. Kiɗa ɗaya cikin huɗu, da rabon saurayin da ya yi ta shiri dominsa. Kwana goma sha tara da 'yata ba ta kira ni a waya ba. Da awa biyu na ranar Laraba a kicin, waɗanda ba wanda ya ji abin da ya fito daga cikinsu sai ni da ita.